Yadda ake shimfiɗa karo a garken kunkuru

Babban kunkurun Sahel, irin wanda ake kiwo a gidaje da dama na Yamai, dabba ce mai haƙa rami, kuma idan ya girma nauyinsa yakan wuce kilo 50. Saboda haka bai kamata a rufe garkensa gaba ɗaya da karo ba. Wurin da ke buƙatar karo, ko tayil kamar yadda wasu ke faɗi, shi ne inda yake cin abinci da inda ake ajiye masa ruwa, domin ganyen da ya haɗiya da yashi yana iya toshe masa hanji. Sauran filin a bar masa ƙasa.

Zaɓen karon ya fi shimfiɗa shi muhimmanci. Wanda ya je kasuwar Katako ta Yamai ya guji mai ƙyalli da ake sa wa falo, komai kyansa, domin santsinsa yana sa ƙafafun kunkuru su riƙa zamewa gefe, abin da ke lalata gaɓoɓin ƙarami tun yana tasowa. A nemi mai kaushi, wanda idan an shafa shi da hannu za a ji yana riƙe yatsa. Irin wannan yana rage masa tsawon farata ba tare da an yanke ba. Launi ma abin dubawa ne, tun da a watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura digiri 40, kuma baƙin karo da rana ta doka yana iya ƙona cikin dabbar. A ɗauki mai haske, a kuma kafa rumfa a kansa.

Bayan an fitar da kunkurun, a daidaita ƙasa, a zuba tsakuwa a daddage ta, sannan a yi daɓen siminti mai kaurin santimita biyar, a karkata shi kaɗan, kamar santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, domin ruwan wanki ya gangara waje. Idan ya bushe, a kwaɓa awo ɗaya na siminti da uku na yashi. A jiƙa karon cikin ruwa kafin a ɗora shi, in ba haka ba zai shanye ruwan kwaɓin ya ɓanɓare daga baya. A riƙa buga kowane ɗaya a hankali da guduma ta roba. Bakin da ya haɗu da ƙasa kuwa a binne shi sosai, domin nan ne kunkuru zai fara tona.

Washegari a cike tsakanin karon da siminti. A lokacin hunturu iska tana busar da aiki da wuri har ya tsage, don haka a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma. Ɗanyen siminti yana cin fata, shi ya sa ba a mayar da dabbar sai bayan mako guda, bayan an wanke wurin da ruwa mai yawa sau biyu ko uku.