Yadda Ake Gulab Jamun na Indiya da Madarar Gari, Ya Yi Laushi Har Ciki

Abin da ke ɓata wa yawancin masu gwada gulab jamun aiki shi ne hannunsu ya saba da suyar ƙosai da fanke. Ƙosai yana son mai ya ɗau zafi sosai, shi kuwa gulab jamun mai mai zafi ne ajalinsa. Kika jefa shi a irin wannan man, kafin ki ƙirga ashirin bayansa ya yi baƙi, cikinsa yana nan ɗanye, kuma ko kwana ya yi a ruwan suga ba zai sha ba.

Ƙwallon madara ne da ake soyawa a tsoma a ruwan suga mai ƙamshi, kuma da wuya a yi biki ko Diwali (bikin fitilu na mabiya addinin Hindu) ko Sallah a Indiya da Pakistan da Bangaladash ba a ga shi a faranti ba. Gulab kalmar Farisanci ce, ma'anarta ruwan wardi. Jamun kuwa ɗan itace ne baƙi-baƙi da ke Indiya, a ido kamar ɗinyarmu, daga nan aka ara masa sunan. Masu sana'ar kayan zaƙi a can, waɗanda ake kira halwai, da khoya suke yin sa, wato madarar da aka dafa har ruwanta ya ƙone ta zama kamar tuwo. A gidaje kuwa an fi bin hanyar madarar gari don ta fi sauri, ita za mu bi a nan.

Kayan haɗi

Kofin da ake nufi shi ne mai cin mililita 240. Wannan awon zai ba ki ƙwallo 14 zuwa 16.

Na ƙwaɓi: madarar gari kofi 1, fulawa babban cokali 3, samolina babban cokali 1, bekin soda ɗan abin da yatsu biyu za su tsinko (kashi ɗaya cikin takwas na cokalin shayi), soyayyen man shanu babban cokali 1 da rabi, kindirmo babban cokali 1, madarar ruwa babban cokali 5 zuwa 6.

Na ruwan suga: suga kofi 1 da rabi (gram 300), ruwa kofi 1 da rabi, kadamom guda 4 (Indiyawa na ce masa elaici, Larabawa na ce masa hel), ruwan lemun tsami rabin cokalin shayi, ruwan wardi cokalin shayi 1, sai za'afaran ɗan kaɗan in akwai hali. Sai man suya da zai kai zurfin santimita 5 a kasko.

A kan madarar, ki duba gwangwanin ko ledar ki tabbatar mai cikakken maiƙo ce. Yawancin madarar awo da ake sayarwa a kasuwa an cire mata man madara an sa na tsirrai. Za ta yi, amma ɗanɗanon ba zai kai ba. Wadda aka tatse maiƙonta gaba ɗaya kuwa tauri take sa ƙwallon, sai dai ki ƙara man shanu ya kai cokali 2 da rabi. Man shanun kuma soyayye ake so, wanda aka narka a wuta har ruwansa ya ƙone aka tace. Shi ne Indiyawa ke kira gii. Amma kada ya zama wanda aka soya da albasa don tuwo, ƙamshin zai bi ki har cikin suga.

Ruwan suga ake fara yi

Ki zuba suga da ruwa a tukunya mai faɗi, faɗin da ƙwallayen za su zauna ba su hau kan juna ba ko bayan sun kumbura. Ki fasa kadamom ki jefa, ki ɗora a wuta kina juyawa har sugan ya narke. Idan ya tafasa sai ki daina juyawa, ki rage wuta, ki bar shi minti 6 zuwa 8.

Ga gwajin: ki ɗebo kaɗan a cokali, ki bari ya huce, ki ɗiga tsakanin babban yatsa da manuni, ki buɗe su a hankali. Ana so ki ji danƙo kamar an taɓa zuma mai ruwa-ruwa, amma kada ya ja zare. Indiyawa na auna ruwan suga, wanda suke kira cashni, da yawan zaren da yake ja, kuma kowane kayan zaƙi da nasa. Na gulab jamun bai kai zare ɗaya ba. In ya ja zare ya yi kauri, ba zai ratsa ƙwallon ba, sai ki ƙara ruwan zafi cokali 3 ko 4 ki sake tafasawa sau ɗaya. In kuma tsararo ne babu danƙo, ƙwallon zai sha ruwa ya saki jiki, zaƙin kuma ya yi salam.

Ki zuba lemun tsamin kafin ki sauke. Aikinsa ya hana sugan daskarewa ya koma ƙwaya-ƙwaya idan ya huce. Ruwan wardi da za'afaran sai bayan kin kashe wuta, don tafasa na korar ƙamshinsu. Ki rufe tukunyar ki ajiye kusa da murhu.

Ƙwaɓin

Ki jiƙa samolina da madarar ruwa cokali 2 na minti 10. Ita ce ke buɗa cikin ƙwallon ya riƙa shan suga, amma in ba ta jiƙu ba za a ji ta kamar tsakuwa a baki. Ki tankaɗe madarar gari da fulawa da soda wuri ɗaya, sau biyu ma ya fi, don in sodar ta taru a gefe ɗaya ƙwallon da ya same ta sai ya fashe a mai. Ki zuba man shanu ki murtsuke da yatsu har ya zama kamar danshin yashi. Sai samolinar da kindirmo su biyo baya. Tsamin kindirmon ne ke tayar da sodar. Wadda ba ta da shi ta sa lemun tsami cokalin shayi 1.

Yanzu ki riƙa zuba sauran madarar cokali-cokali kina haɗawa da kan yatsu. Haɗawa aka ce, ba murzawa ba. Ba ƙwaɓin cincin ba ne balle na burodi. Duk murzar da kika yi tana tayar da danƙon fulawa, kuma wannan danƙon shi ne ke mayar da gulab jamun kamar roba. Da zarar garin ya haɗe jiki ɗaya ki tsaya. Zai riƙa manne miki a hannu har ki ga kamar ruwa ya yi yawa. Kada ki ƙara gari, haka ake so. Ki rufe da tsumma mai danshi na minti 10, madarar garin za ta shanye ruwan, ƙwaɓin ya yi laushi kamar fatar kunne. Lokacin hunturu ya fi saurin bushewa, don haka kan buƙaci ƙarin cokali ɗaya na madara, kuma kada ki bar shi a buɗe ko na ɗan lokaci.

Ki shafa man shanu a tafin hannu, ki gutsuro kamar girman ƙaramin goro, wajen gram 15. Kada ki raina shi, zai kusa ninkawa tsakanin mai da suga. Ki fara matsa shi kaɗan tsakanin tafukanki, sannan ki mulmula a hankali har ya yi sumul. Ki ɗaga ki duba shi a haske. Ko tsaga ɗaya ce siririya kamar gashi, mai zai bi ta ya buɗe ta. In kina ta ganin tsaga, ƙwaɓin ne ya bushe: ki jiƙa yatsu da madara ki sake haɗa shi, kada ki tsaya gyaran ƙwallo ɗaya-ɗaya.

Suyar, inda aikin yake

Halwai da gii yake suya, amma man gyaɗa marar wari ya wadatar, kina iya ƙara masa man shanu cokali 2 don ƙamshi. Ki ɗora a wuta ƙasa-ƙasa. Mai ma'aunin zafi ta nemi digiri 130 zuwa 140. Marar shi ta gutsuri ƙwaɓi kamar ƙwayar wake ta jefa. In ya taso nan take yana ƙara, man ya yi zafi, ki sauke kaskon ya huce. Abin da ake so shi ne ya nutse ya zauna a ƙasa, ƙananan kumfa na fita a jikinsa, bayan daƙiƙa 20 zuwa 30 ya taso a hankali launinsa bai canja ba. Wannan ɗan gwajin zai kuma gaya miki lafiyar ƙwaɓin: in ya wargaje a man, soda ko man shanu ya yi yawa, ki ƙara fulawa cokali 1 kafin ki yi asarar sauran.

Dalilin wannan lallaɓawar shi ne madara na da nata sugan, kuma yana ƙonewa da wuri fiye da garin wake ko fulawa. Zafin na buƙatar lokaci kafin ya isa tsakiya, bayan kuwa ba ya jira.

Ki sa guda 5 ko 6 kawai a lokaci ɗaya. Kada ki taɓa su da matsami a farko, jikinsu bai yi ƙwari ba, za su loɓe. Man za ki riƙa kaɗawa a hankali daga gefe, su kuma su riƙa juyawa da kansu. Idan suka taso suka fara launin zuma sai ki ɗan ƙara wuta kaɗan, kina juya su ba tsayawa don launin ya zo ɗaya. Suyar na cin minti 8 zuwa 10, har su yi ja mai duhu kamar dabino. In suka kai wannan launin a minti 3, cikin bai nuna ba. Mai gawayi ta janye rabin garwashin tun kafin ta fara. Kuma tsakanin zubi da zubi ki bar man ya ɗan huce, don na biyu ne ya fi ƙonewa.

Ki tsame ki bar su minti 1 ko 2 man ya tsane, sannan ki zuba a ruwan suga tun suna da zafi. Shi ma ruwan sugan ya kasance da ɗumi sosai, wanda za ki iya tsoma yatsa ki cire da sauri. In yana tafasa zai saɓule musu baya su saki jiki, in ya yi sanyi kuma su ƙanƙance, tsakiyarsu ta yi tauri. Ki rufe ki bar su aƙalla awa 2, kina juya su sau ɗaya ko biyu. Na awa 4 ya fi daɗi.

Ki raba ɗaya da cokali ki duba. Mai kyau cikinsa kamar soso ne, ya jiƙe har tsakiya, in kin danna sai suga ya fito. In kin ga farin dunƙule a tsakiya, zafin mai ne ko kaurin suga. Akan ɗan ceto shi ta hanyar ƙara ruwa kaɗan a mayar da tukunyar wuta ƙasa-ƙasa na minti 5 a rufe. Wanda ya shafe ya zama kamar waina kuwa, ko ƙwaɓin ya yi ruwa ko an tsame shi bai soyu ba, wannan ba shi da gyara sai dai a ci haka.

Mai samun madarar shanu sabuwar tatsa tana iya yin na khoya, kuma gaskiya ya fi. Lita 1 ake dafawa a tukunya mai kaurin gindi, ana juyawa ana kankare gefe, wajen awa ɗaya da rabi, har ta koma kusan gram 200. A sauke ta da sauran danshi. A murje ta da tafin hannu har gudajin su mutu, a sa fulawa babban cokali 3 da ɗan tsinken soda, ba sai an ƙara man shanu ba. Sauran aikin duk ɗaya ne. Akwai kuma kala jamun, wanda ake sa suga kaɗan a cikin ƙwaɓin a soya har ya kusa baƙi, bayansa ya fi ƙarfi.

Ana cin gulab jamun da ɗumi, biyu a ƙaramin kwano da cokali ɗaya na ruwan sugan, a barbaɗa yankakken fistashiyo ko almon. Wasu kan haɗa da askirim mai sanyi. A firji yana kai kwana 5 cikin ruwansa a rufe, sai dai yakan ɗan yi tauri saboda man shanun ya daskare, don haka a ɗumama kafin a kawo wa baƙi. Inda babu tabbacin wutar lantarki, a lokacin zafi kada ya wuce kwana 2. Ragowar ruwan sugan kuma a tace shi a ajiye, yana shiga shayi ko kunun gyaɗa.