Yadda ake zaɓen golan da za a riƙe da wanda za a sallama a gasar hoki ta NHL

A wasan hoki na kan ƙanƙara, raga ƙarama ce: faɗinta ƙafa 6, tsayinta ƙafa 4, kuma mutum ɗaya ne ke tsayawa a bakinta. Shi ya sa duk ƙungiyar da Allah ya hore wa gola biyu masu kyau a gasar NHL ta Amurka da Kanada takan kwana da daɗi ta tashi da ciwon kai. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Da zarar an ɗaga kofin Stanley na zakaran gasar a watan Yuni, dole babban manaja ya zauna ya yanke hukunci. Ga yadda ake bin lamarin, kuma zan riƙe labarin Boston Bruins da gololinta Linus Ullmark da Jeremy Swayman a matsayin madubi, don shi na fi bibiya, kuma har yau yana ci mini rai.

Mataki na 1: Fara da aljihu, ba da raga ba

Mai kallon ƙwallon ƙafa ya saba da jin an sayi ɗan wasa miliyan kaza. A NHL ba a haka. Musaya ake yi: ɗan wasa da ɗan wasa, ko ɗan wasa da gurbi a zaɓen matasa na shekara-shekara. Sannan akwai iyakar albashi da ta hau kan ƙungiyoyi 32 baki ɗaya. A kakar 2024-25 iyakar dala miliyan 88 ce, kuma daga ciki za a biya 'yan wasa sama da ashirin. To ɗauki biro ka lissafa: idan gola biyu suka cinye miliyan 16, me ya rage wa masu tsaron baya da masu cin raga? Ka tuna ɗaya daga cikin biyun kullum yana zaune a benci da hula a ka yana kallo.

Mataki na 2: Duba takardar kwantiragi

Tambayoyi uku za ka yi wa kowace takarda. Shekara nawa suka rage? Idan ta ƙare, ɗan wasan zai zama ɗan kansa ne ya tafi inda ya ga dama ranar 1 ga Yuli, ko ƙungiya tana da sauran iko a kansa? Galibi sai ya kai shekara 27 ko ya buga kaka bakwai yake samun cikakken 'yanci. Ta uku, akwai sharaɗin da ya ba shi damar ƙin zuwa wasu garuruwa?

A bazarar 2024 Ullmark, ɗan Suwidin da aka haifa a 1993, saura masa shekara ɗaya a kan dala miliyan 5, kuma yana da jerin ƙungiyoyin da ba za a tura shi ba sai da yardarsa. Swayman, ɗan Alaska haifaffen 1998, tasa takardar ta ƙare amma Boston na da iko a kansa. Wanda ya karanta waɗannan layuka biyu ya riga ya hango inda aka dosa.

Mataki na 3: Auna aikin, kuma kada mako biyu su ruɗe ka

Ma'aunin da aka fi dubawa shi ne yawan bugun da gola ya tare cikin waɗanda aka auno masa. Ana rubuta shi kamar haka: .915, wato ya tare 915 cikin dubu. Tazarar .915 da .900 kamar ba komai ba ce a ido, amma golan da ya fuskanci bugu 1,500 a kaka, wannan 'yar tazara ci 22 ne ko 23. Ya ishe ka shiga zagayen neman kofi, wato wasannin fitar da gwani na ƙarshen kaka, ko ka koma gida a watan Afrilu.

Sai dai lamba kaɗai ba ta faɗin gaskiya duka. Zauna ka kalli wasan. Faifan robar nan da ake bugawa, daga ina yake zuwa? Wanda aka harbo daga nesa gola yana ganinsa sarai, ya durƙusa gwiwa biyu, ya baje ƙafafu ya toshe ƙasa, ya cafke da safar hannu. Wanda aka ratsa masa daga gefe zuwa gefe a bakin raga, ga ƙaton mutum ya tare masa gani, wannan shi ne jarrabawa. Gola a bayan masu tsaro nagari yakan yi kyau fiye da yadda yake.

Babban tarko kuwa shi ne zagayen neman kofi. A 2010 Jaroslav Halak ya ɗauki Montreal a kafaɗa ya fitar da Washington da Pittsburgh, har ya tare bugu 53 a wasa guda. Gari ya ɗauka da sunansa. Amma a watan Yuni manaja Pierre Gauthier ya tura shi St. Louis ya riƙe Carey Price, matashin da suka zaɓa na 5 a 2005. An sha yi wa Gauthier tofin Allah tsine. A 2015 Price ya lashe kyautar Vezina ta gwarzon gola, ya haɗa da Hart ta gwarzon gasar gaba ɗaya. Gauthier ya duba shekaru goma masu zuwa, bai tsaya ga watan da ya wuce ba.

Boston ma sun fuskanci irin wannan. A 2022-23 sun ci wasa 65 cikin 82, abin da ba a taɓa yi ba. Ullmark ya yi nasara a wasa 40, ya tare .938, ya ɗauki Vezina, har ma ya ci raga da kansa a wasansu da Vancouver. Bayan shekara ɗaya, a zagayen neman kofi na 2024, koci Jim Montgomery ya miƙa ragar ga Swayman, wanda ya fara wasa 12 cikin 13.

Mataki na 4: Tambayi kanka ko wanda za ka riƙe zai iya shi kaɗai

A 2006-07 Martin Brodeur ya buga wasa 78. Wannan zamani ya wuce. Yau wanda ya haura 60 ya yi namijin ƙoƙari, saboda ana buga wasa biyu a dare biyu a jere da tafiyar jirgi a tsakani, ga kwankwaso da gwiwa suna shan wuya. Swayman bai taɓa fara wasa 50 a kaka ɗaya ba kafin a sallami abokinsa.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Duk daren da Boston ta yi nasara, wanda ke benci yakan zamo kan ƙanƙara ya nufi ɗan uwansa, su tsaya fuska da fuska, su ware hannuwa sama, sannan su rungume juna 'yan kallo na ihu. Gasa ce tsakaninsu, amma babu ƙyashi a ciki. Irin wannan zama ba a sayensa a kasuwa.

Mataki na 5: Ɗaure na gida kafin ka buɗe ƙofa

Nan ne zuciyar maganar. Kafin ka sallami ɗaya, tabbatar wanda zai zauna ya sa hannu. Muddin gola biyu suna hannunka, kai ke da bakin ciniki. Ranar da ɗaya ya fita, bakin ya koma wajen wanda ya rage da wakilinsa.

Ranar 24 ga Yuni, 2024, manaja Don Sweeney ya tura Ullmark zuwa Ottawa, ya karɓo gola Joonas Korpisalo da Mark Kastelic da gurbi na 25 a zaɓen matasa, alhali Swayman bai sa hannu ba. Shi kuwa Swayman bai manta da 2023 ba, lokacin da sai da aka je gaban mai sasanci aka yanka masa dala miliyan 3.475, bayan ya zauna yana jin ƙungiyarsa tana lissafa kasawarsa don a rage kuɗi. Aka yi ta ja-in-ja har atisayen share fage ya wuce babu shi. Sai ranar 6 ga Oktoba, kwana biyu kafin wasan farko, ya sa hannu: shekara 8, dala miliyan 66, wato 8.25 a shekara. Kwanaki kaɗan bayan haka Ottawa ta ba Ullmark 8.25 ɗin nan dai, na shekara huɗu. A ganina zaɓen Swayman daidai ne, don ya fi ƙuruciya da shekara biyar. Jerin matakan ne aka juya, aka saki na hannu kafin a ɗaure ɗayan.

Mataki na 6: Nemo mataimaki tun kafin ka kulle cinikin

Kada ka yi kamar Vancouver, da ta ba New Jersey Cory Schneider a Yunin 2013, sannan ta tura Roberto Luongo Florida a Maris ɗin 2014, ta wayi gari babu ko ɗaya cikin biyun. Nemi wanda zai iya ɗaukar wasa 25 zuwa 30, kuma idan albashinsa ya yi nauyi, matsa wa ƙungiyar da ta ba ka shi ta ci gaba da biyan wani kaso. Ottawa ta riƙe kashi 25 cikin ɗari na albashin Korpisalo.

Mataki na 7: Rubuta sakamako kaka bayan kaka

Buɗe shafi ka riƙa cikewa duk watan Afrilu. Layin farko na cinikin Boston ga yadda ya fita: an sallami Montgomery a Nuwamban 2024, Swayman ya sauka zuwa .892, ƙungiyar ba ta shiga zagayen neman kofi ba, ko da yake ba gola kaɗai ne ya gaza ba. Ottawa kuwa ta shiga, karo na farko tun 2017. Ka bar wa Swayman layi bakwai a ƙasa, ka bar wa Ullmark huɗu, sannan ka ware gefe guda don Dean Letourneau, yaron da aka ɗauka da gurbi na 25.