Yadda ake fatattakar kuɗin cizo daga ɗakin haya a Legas

Duk wanda ya taɓa zama a gidan haya na Agege ko Idi-Araba, irin mai ɗakuna a jere suna kallon juna, ya san cewa kuɗin cizo ba ya ware mai tsafta daga ƙazami. Jini yake bi, kuma yakan iso ne a jakar baƙon da ya kwana a motar Kano, ko a ɗinkin katifar da aka saya ta hannu, ko a cikin kayan gwanjo daga kasuwar Katangowa. Na fara da wannan ne saboda kunya ce ke sa mutane su yi shiru har ƙwaron ya game gida baki ɗaya.

Da farko a tabbatar da cewa shi ne. A ɗauki tocila a bi ɗinkin katifa, da mahaɗar katakon gado, da kusurwoyin gidan sauro, da bayan kalandar da ke rataye a bango. Babban kuɗin cizo bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba, faffaɗa ne mai launin ƙasa-ƙasa, amma sau da yawa alamunsa ake fara gani: baƙin ɗigo-ɗigo kamar an ɗiga tawadar biro, da saɓar da ya bari, da fararen ƙwai ƙanana manne a cikin tsaga, da ɗan shafin jini a zanin gado da safe. Cizonsa yakan zo a jere a hannu ko wuya ko baya.

Ba a tabbatar da cewa yana yaɗa cuta tsakanin mutane kamar yadda sauro ke yaɗa zazzaɓin maleriya ba, amma illarsa ga lafiya ba ƙarama ba ce. Yaro yakan yi ta susa har fatar ta fashe ta kama ruwa, kuma idan ƙwaron ya yi yawa ya daɗe, yana iya jawo ƙarancin jini ga ƙananan yara da tsofaffi. Sai kuma rashin barci, wanda a ganina shi ne mafi cutarwa a gari irin wannan, domin ɗan dakon da zai yi sammako zuwa kasuwar Mile 12, ko direban da zai wuni a cunkoson titi, bai kamata ya kwana yana juyi ba.

Zafi shi ne makami mafi aminci. A tattara tufafi da zannuwa da labule a cikin leda a ɗaure bakinta kafin a fita da su, don kada a zubar da ƙwaron a hanya, sannan a jiƙa su a ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 ko fiye, a shanya, a bi su da dutsen guga musamman a wuraren ɗinki. Gadon katako kuwa a kwance shi a fitar da shi tsakar gida, a kwarara tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa, bayan an kawar da yara daga wurin. Shanya katifa a rana, wanda muka saba da shi a Arewa, ba abin dogaro ba ne a nan, saboda hadari da danshin Legas ba sa barin zafin ya ratsa soso mai kauri, kuma ƙwaron yakan koma ɓangaren da ke inuwa ya laɓe. Gara a goge ɗinkin da burushi mai tauri, a bi shi da dutsen guga a kan jiƙaƙƙen ƙyalle, sannan a sanya katifar cikin leda mai kauri a liƙe. Gidan sauro mai magani ba a tafasa shi. A wanke shi da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, kuma kada a jefar da shi don haushi, domin sauro ya fi kisa.

Bayan haka a toshe tsagar bango da siminti, a janye gado daga jikin bango. Ƙwan kuɗin cizo yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, don haka dole a maimaita aikin bayan kwana goma, a sake maimaitawa. Kulle ɗaki a tafi gida hutun Sallah ba ya kashe shi, domin yana iya yin watanni bai sha jini ba.

Game da guba, ina roƙon mai karatu ya yi hattara. Fiya-fiya da ake sayarwa a kwalba marar suna yana ɗauke da sinadari mai suna dichlorvos, wanda hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa tun 2019. Ƙwayar da ake sa wa buhun wake ta fi shi haɗari, domin iskar da take fitarwa tana ratsa tsaga ta shiga ɗakin maƙwabci, kuma tana kisa. Fetur da kananzir gobara suke jawowa. Maganin feshi na kanti kuwa, kuɗin cizo da yawa ya riga ya saba da shi. Idan abin ya gagara, a kira mai feshi mai rajista, a fitar da abinci da mutane, a bi lokacin da ya ƙayyade kafin a koma.

A gidan da na zauna a Agege, sau uku ina yin wannan aiki ni kaɗai ƙwaron yana dawowa, har sai da na gano cewa ta ramin soket yake ratsowa daga ɗakin da ke gefe. Na je wurin dattijon da ke ɗakin, na gaishe shi, na ce: “Baba, ɗakina ne ya kamu, ina tsoron kada ya iso naku, ko za mu haɗu mu yi aikin rana ɗaya?” Da na fara da nawa ɗakin, bai ji an ci masa fuska ba, shi ne ma ya kira mai kula da gidan, aka tsayar da ranar Lahadi kowane ɗaki ya fito da kayansa. Katifa biyu da suka lalace muka yayyanka su da wuƙa kafin mu kai bola, don kada wani ya tsinta ya kai gidansa.