Darasi na Tara: Haɗa Ƙaramar Fitilar Leza Mai Launi Uku Don Majigi

Kun san ɗan jan ɗigon hasken nan da yara ke haskawa a bango da dare, ko wanda ke rawa a rumfar biki a Garwa da Marwa. Sunansa leza. Wani masani ɗan Amurka, Theodore Maiman, shi ya fara kunna irinsa a 1960. Hasken tocila bazuwa yake yi, na leza kuwa a tsuke yake tafiya, kuma launinsa ɗaya tak. Don haka mai son majiginsa ya yi zane kala-kala, sai ya nemo leza uku, ja da kore da shuɗi, ya ɗora haskensu a hanya guda, kamar yadda Logon da Shari ke haɗuwa a Kusiri su wuce a matsayin kogi ɗaya.

Masu fenti za su yi musu, amma a haske ja da kore rawaya suke bayarwa. In ukun suka haɗu daidai, fari ne zai fito.

In kun je saye, ku karanta lambobi biyu da ke jikin kowace. Ta farko ita ke faɗin launi, da haruffan nm a bayanta: ja 638 ko 650, kore 520, shuɗi 450. Ta biyu, mai haruffan mW, ƙarfin hasken ke nan, kuma a nan ake son ku natsu. Mai koyo ya tsaya a kan mW 1 ga kowace, domin in an haɗa su ƙarfinsu tarawa yake yi, kuma bai kamata jimillar ta wuce mW 5 ba. Abin da ya wuce haka yana iya ƙona cikin ido kafin mutum ya ƙifta, kuma ba lallai ya ji zafi ba. Wasu masu gyaran rediyo kan ciro leza daga na'urar kwamfuta mai rubuta faifan DVD, wai ta fi araha. Ku bar ta, ƙarfinta ya kan haura mW 100. Koren da aka rubuta wa 532 shi ma a kauce masa, don mai arahar yakan saki wani haske da ido ba ya gani amma yana yi masa illa. Baƙin tabarau na rana ba ya kare ido daga leza, akwai tabarau na musamman da ake sayarwa gwargwadon launi.

Kada a jona leza kai tsaye da batir. Kowace tana buƙatar ɗan allonta mai ƙayyade wutar da ke shiga, in ba haka ba ta zuƙi wuta ta mutu nan take. Ya fi sauƙi ku sayi wadda ta zo a ɗan bututun ƙarfe, da allon da gilashin tsuke haske duk a ciki. A lokacin hunturu, sa'ad da riga ke ƙyas-ƙyas in an tuɓe ta, wannan 'yar wutar jikin ma ta isa ta kashe leza. Ku taɓa ƙarfen da ke kafe a ƙasa kafin ku kama ta.

Gindin aikin shi ne farantin alminiyam mai kauri, girman tafin hannu. Katako ba ya yi: yana motsi da sauyin yanayi, kuma ba ya kwashe zafi, ga shi a watan Maris da Afrilu zafinmu na haura digiri 40. Ku ɗaure ja a ƙarshen farantin yana kallon gaba. Kore da shuɗi su zauna a gefe, suna kallon hanyar da jan zai bi. Bakin ukun ya zama tsayi ɗaya daga farantin. In ɗaya ta yi ƙasa, a sa mata siririn gwangwani a gindi.

Sai madubai biyu. Ba irin na duba fuska ba ne. 'Yan gilasai ne masu shafe na musamman, suna barin wani launi ya ratsa, su karkatar da wani. Na farko ja ke ratsa shi, ya juyo da kore. Na biyu ja da kore ke ratsa shi, ya juyo da shuɗi. Kowane ana kafa shi a karkace, kusurwar digiri 45, gefen da ke da shafen yana fuskantar launin da zai juyo. A riƙe shi ta baki-baki, don maiƙon yatsa na dusashe shi.

Saiti shi ne inda yawancin mutane ke gajiya. Ku ajiye farantin ƙasa da tsayin ido, ku cire agogo da zobe, yara su fita. Ku manna farar takarda a bango, nisan taku biyar ko shida, ku riƙe wani ɗan kwali a hannu. Kunna ja da kore kaɗai. Sa kwalin dab da madubin farko: in ɗigo biyu kuka gani, jikin koriyar lezar za a gusar har su hau juna. Cire kwalin, dubi bango: in sun rabu a can, madubin za a juya, kaɗan-kaɗan. Gyaran nesa yakan ɓata na kusa, sai a koma, a sake, har ɗigon ya zama rawaya a kusa da nesa. Wanda ya duba bango kaɗai zai ga sun haɗu, ya matsar da majigin su watse. Bayan nan a kunna shuɗi, a bi wannan hanyar da madubi na biyu. Gam sai an gama, kuma ɗan ɗigo, don yana jan madubi yayin bushewa.

In farin ya fito da kore-kore, ba lalacewa ba ce. Idon mutum ya fi kama kore, sai a rage masa wuta a allonsa.

Ku rufe aikin da murfi, ku bar ƙaramar taga mai gilashi, saboda ƙurar hazo. Ba a haska shi a fuskar mutum ko dabba ko mai tuƙi, balle jirgin sama mai sauka a Garwa ko filin jirgin Salak na Marwa.

Aikin gida: ku zana farantin a littafinku, ku nuna mazaunin leza uku da madubai biyu, ku rubuta lambar kowane launi a gefensa. A darasi na gaba za mu ɗora ƙananan madubai biyu masu motsi, waɗanda ke yawo da ɗigon har ya zama zane.