Yadda ake gano dutsen sararin samaniya har a kai ga raɗa masa suna

Tsakanin duniyar Mars da ta Jupita akwai wani yanki cike da duwatsu masu kewaya Rana, mafi yawansu cikin shekara uku zuwa shida. Wanda yake son gano ɗaya daga cikinsu ba lalle ne ya mallaki madubin hangen nesa ba, domin shirin IASC, na haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa don neman irin waɗannan duwatsu, yana raba wa ƙungiyoyin ɗalibai hotunan da na'urar hangen nesa ta Pan-STARRS da ke Hawaii ta ɗauka, su kuma su bincika su da manhajar Astrometrica.

Fara da jera hotunan gefe guda na sama waɗanda aka ɗauka da tazarar mintoci, ka sa manhajar ta riƙa sauya su da sauri. Taurari za su tsaya cik, dutsen kuwa zai bayyana a matsayin ɗigon haske mai gusawa a miƙaƙƙen layi. Idan ɗigon ya yi tsalle-tsalle ko haskensa ya riƙa ɓacewa, ƙyale shi. Sahihin kuma ka auna matsayinsa da lokacinsa, a aika wa Minor Planet Center, cibiyar da ke yi wa waɗannan duwatsu rajista a Amurka. Idan an sake ganinsa kuma ba a san shi a baya ba, za a ba shi lamba ta wucin gadi, kamar 2024 AB, wato na biyu da aka yi wa rajista a rabin farko na Janairun 2024.

A ganina, bibiyar dutsen ita ce ainihin aikin. Masanin taurari Giuseppe Piazzi ya hango Ceres, mafi girma a wannan yanki, daga birnin Palermo na Italiya ranar 1 ga Janairu, 1801, ya bi ta makonni kaɗan kafin hasken Rana ya ɓoye ta, kuma da masanin lissafi Carl Friedrich Gauss bai ƙididdige falakinta, wato hanyar da take bi wajen kewaya Rana, daga waɗannan 'yan awon ba, da wuya a sake samun ta a Disambar shekarar. Saboda haka a ci gaba da auna dutsen duk lokacin da Duniya ta shiga tsakaninsa da Rana, yawanci har karo huɗu, kafin falakinsa ya tabbata a ba shi lamba ta dindindin.

Jariri kwana bakwai yake jira a raɗa masa suna, dutsen kuwa yakan jira shekaru. Bayan samun lambar dindindin, wanda aka tabbatar shi ne ya gano dutsen yana da shekara 10 ya gabatar da suna, tare da gajeren bayanin dalili, ga kwamitin Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya. Kada sunan ya wuce haruffa 16, ya kasance mai furtuwa, ba na cin mutunci ko talla ba, kuma kada ya yi kama da wanda aka riga aka bayar. Ɗan siyasa ko jagoran yaƙi kuwa, sai ya cika shekara 100 da rasuwa kafin a karɓi sunansa.