Yadda ake zubar da ruwan lagireto a tsohuwar mota, a wanke, a zuba sabo

Motar da ke gudu a buɗaɗɗen titi iska ce ke fifita mata lagireto kyauta. Wadda ta maƙale a goslo tsakanin Ketu da Mile 12 a Legas da ƙarfe biyun rana, ga na'urar sanyi a kunne, ba ta da mataimaki sai fanka da ruwan da ke cikinta. A irin wannan wuri asirin ruwan da ya tsufa ke tonuwa. Kafin ta kai ga haka, da sassafe tun ba a tayar da injin ba, buɗe murfin lagireto ka leƙa. In ruwan ya koma launin shayi, ko ka juya murfin ka ga jar laka ta manne a jikin robarsa, lokacin canji ya wuce. Irin koren ruwan nan na da, wanda yawancin tsofaffin motoci ke sha, ana sabunta shi duk shekara 2 ko bayan kilomita 40,000. Motar tokumbo da ba a san tarihinta ba kuwa, a canza mata tun a makon da aka saye ta.

Da yawa suna cewa ai babu ƙanƙara a Legas, don haka ruwa zalla ya isa. Maganin daskarewa ɗaya ne kawai daga ayyukan kulant, wato ruwan sinadarin da ake zuba wa lagireto. A cikinsa akwai sinadaran da ke hana ƙarfe tsatsa, su hana alminiyon cinyewa, kuma yana ɗaga ma'aunin tafasa: ruwa zalla na tafasa a digiri 100, haɗin rabi da rabi kuwa sai wajen digiri 107, in kuma murfi mai kyau ya matse shi sai ya haura 120 bai tafasa ba. Ruwan burtsatse ma wata matsala ce ta daban. A unguwannin da ke kusa da teku irin su Lekki da Ajah ruwan ƙasa na ɗauke da gishiri da ƙarfe, shi ya sa yake rina bokiti. Abin da ya yi wa bokiti shi zai yi wa siraran bututun lagireto.

Akwai yanayin da bai kamata a fara wannan aiki ba. Zaro sandar gwada baƙin mai: in man ya koma kamar shayi da madara, ko akwai farin kumfa mai kauri a ƙarƙashin murfin mai, ko lagireto na tsiyayar da kumfa babu tsayawa da zarar an tayar da injin da sanyinsa, ko salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri bayan injin ya ɗumama, to gasket ɗin sama, wato shimfiɗar da ke liƙe kan silinda da gangar jikin injin, shi ne abin zargi. Wanki ba ya gyara shi, asarar kuɗin kulant kawai za a yi. Haka nan a mota mai giya otomatik, in ruwan ya zama ja-ja mai maiƙo, bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireto ya fashe, sai an canza lagireton.

Abin da za a tanada

Fara sanin lita nawa injinka ke ci gaba ɗaya, domin duk lissafin a kansa ya dogara. Ƙananan motoci masu silinda huɗu irin Corolla da Camry na ci tsakanin lita 5 da 7, masu silinda shida sun fi haka, danfo mai injin a baya da lagireto a gaba kuwa na iya shan kusan lita 17 saboda dogayen bututunta. Littafin motar ne ke da adadin daidai.

In ka je saye, ko a kasuwar kayan mota ta Ladipo ko a shagon unguwa, karanta jikin galan. Akwai mai kauri wanda sai an sirka, akwai wanda aka riga aka sirka rabi da rabi. Launi ba shaida ba ne, rini ne kawai, kuma akwai ruwan rini zalla da ake ɗurawa a galan a sayar. Nemi wanda aka rubuta sinadarinsa da irin motocin da ya dace da su, murfinsa a liƙe. Kada a gauraya iri biyu, wasu in sun haɗu ƙarfin hana tsatsarsu na raguwa, wani lokaci har su yi dusa-dusa. Sai tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, lita 10 ko fiye, a tabbatar ba mai asid aka miƙo ba. Sauran kayan ba su da yawa: faffaɗan daro, mazurari, filaya, sukundireba, tsumma, da kilif, wato maɗaurin tiyo, biyu ko uku na ko-ta-kwana. Sabon murfin lagireto ba shi da tsada, amma a duba lambar matsi da ke kan tsohon, 0.9 ko 1.1, a sayi daidai ita.

Zubarwa

Injin ya huce sarai, yadda za ka iya dafa tiyon sama ka bar hannunka a kai. Buɗe murfi da zafi na watso tafasasshen ruwa a fuska, kuma ba ya ba da sanarwa. Ajiye mota a wuri mai daidai, ja birkin hannu, murɗa makunnin hita zuwa ƙarshen zafi don ruwan da ke cikin ƙaramin lagireton hita ya samu hanya. Cire murfi, tara daro, sannan kwance magudanar da ke ƙasan lagireto. Yawanci 'yar roba ce mai kunnuwa biyu, kuma a tsohuwar mota ta bushe ta yi gautsi. Da hannu ake murɗa ta. In ta ƙi, kada a sa mata filaya da ƙarfi, domin in ta karye a ciki aikin rabin yini ya zama na kwana biyu. Gara a sassauta kilif a cire tiyon ƙasa, ruwan ma ya fi fita da ƙarfi ya kwaso laka. Tiyon da ya manne ana murza shi hagu da dama har ya saki, ba a cusa sukundireba a ɓanɓare shi, musamman in bakin lagireton na roba ne.

Abin da ya fito ta nan bai cika wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na ruwan ba. Sauran na kwance a cikin bulok, wato gangar jikin injin, da hita. Wasu injina na da notin zubarwa a gefen bulok. In ya kwance cikin sauƙi, madalla. In ya yi tsatsa ya kafe, a ƙyale shi, wanki zai biya. Cire tankin roba na gefe, zuba masa ruwa da 'yan tsakuwa, girgiza har layukan jikinsa su fito, a ɗauraye.

Wankewa

Mayar da magudana ko tiyo, cika da ruwa mai tsabta, rufe, tayar da injin har tiyon sama ya yi zafi, alamar tamostat, ɗan ƙarfen da ke buɗe wa ruwa hanya in injin ya yi zafi, ya buɗe ruwa na zagayawa. Bar shi minti 10 bayan haka, kashe, jira ya huce, zubar. Maimaita har abin da ke fitowa ya zama garau. Motar da ta daɗe tana shan ruwan rijiya na iya buƙatar zagaye uku ko huɗu, kuma jiran hucewar ne ke cin lokaci, don haka a ware rabin yini. Kada gajen haƙuri ya sa a zuba ruwan sanyi a injin mai zafi, kan silinda na alminiyon na iya lanƙwashewa ko tsagewa. Zagayen ƙarshe a yi shi da tataccen ruwa, tunda wani kasonsa zai zauna a ciki.

In lakar ta yi yawa, akwai maganin wankin lagireto na kwalba, a bi abin da aka rubuta a jikinsa kuma a ɗauraye sau biyu bayansa. Omo da wasu ke zubawa kumfa yake bari a ciki, famfon ruwa kuma ba ya tura kumfa yadda yake tura ruwa. Soda mai ƙuna kuwa cin alminiyon take yi. Sannan a shirya wa abu guda: a tsohuwar mota wani lokaci tsatsar ce ke toshe ƙananan ramuka, bayan wanki sai ɗigo ya bayyana a lagireto, ko famfon ruwa, ko marafan ƙarfen nan masu kama da kwabo da ke jikin bulok. Ramin dama yana nan, kuma gara ya bayyana a ƙofar gida da ya bayyana a tsakiyar gadar Third Mainland.

Tunda ruwa ya fita, wannan ne lokacin duba tamostat. Kanikawa da yawa na cire shi su jefar, su haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Dabara ce da ke rufe ciwo ba tare da an warkar da shi ba. Injin da ba ya kai zafin aikinsa na shan fetur fiye da kima, yana tara baƙi, yana saurin cinyewa. A yawancin tsofaffin Toyota lambar da ke jikin tamostat 82 ce, wato digirin da yake fara buɗewa. Jefa shi a tukunyar ruwa kan wuta: mai lafiya zai buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya rufe in ya huce. Wajen mayarwa, ɗan ramin iskar da ke gefensa ya kalli sama, a sa sabuwar roba.

Cikawa, da lissafin da ake yawan kuskurewa

A ce injin na cin lita 6. Bayan zubarwar ƙarshe, lita 2 ko fiye na ruwan ɗauraya na nan a ciki. In ka sirka rabi da rabi a bokiti ka zuba, lita 4 kawai za ta shiga, wato kulant lita 2 a cikin 6, kashi ɗaya cikin uku. Hanyar da ta fi ita ce a fara zuba mai kauri lita 3 cur, rabin abin da injin ke ci, sannan a ƙarasa da tataccen ruwa. Zai gauraya da kansa a ciki. Wanda ya sayi sirkakke kuwa dole ya fitar da ruwan bulok gwargwadon iko, in ba haka ba haɗin zai yi tsarara. A yanayin Legas kashi 40 cikin ɗari ya wadatar, amma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku kariyar tsatsa ta yi rauni. Zuba mai kauri zalla ma kuskure ne, bai kai ruwa iya ɗaukar zafi ba.

Zuba a hankali ta mazurari, kamar mai ɗura man gyaɗa a kwalba, kana matsa tiyon sama kana saki don iska ta fito. In akwai gangare, gaban motar ya kalli sama. Wasu motoci, irin tsofaffin Honda Accord da Peugeot 406, na da ɗan notin fitar da iska: a sassauta shi har ruwa ya fito babu kumfa, a ɗaure. Tayar da injin murfi a buɗe, hita a kan zafi, na'urar sanyi a kashe. Kumfa za ta riƙa tasowa ɗaya-ɗaya. Da tamostat ya buɗe za ka ga ruwan ya nutse lokaci guda, sai ka ƙara. Ɗan taka totur har allurar juyin injin ta kai 2,000 na 'yan daƙiƙu sau biyu ko uku. Jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, kuma hannu da hannun riga su yi nesa da ita, ta lantarki ba ta sallama kafin ta tashi. In an haɗa fankar kai tsaye, zafin tiyon sama da na ƙasa ne ma'auninka. Kumfa ta ƙare, cika har wuya, rufe murfi, kai tankin gefe layin sama.

Iskar da ta saura a ciki ita ce ke sa mota ta yi zafi washegarin canjin ruwa. Alamunta: allurar zafi na hawa tana sauka, hita na hura sanyi, ana jin ƙarar ruwa a bayan dashbod. In ka ga haka, bari ta huce ka sake fitar da iska. Kwana uku a jere a duba ruwan da safe. Raguwa kaɗan a rana ta farko ba komai ba ce, amma in ta ci gaba akwai inda yake zuba. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin da dare, da safe ɗigon zai nuna wurin.

Tsohon ruwan guba ne, kuma zaƙi gare shi, shi ya sa akuya da kyanwa da ƙaramin yaro ke sha. Kaɗan daga cikinsa na lalata ƙoda. Kada a bar daron a buɗe a tsakar gida, kada a ɗura shi a robar lemo, kada a tuntsurar da shi a kwata. A zuba a galan ɗin da aka juye sabon, a rufe, a rubuta a jiki, a kai garejin da ke tara tsohon baƙin mai a gaya musu abin da ke ciki don kada su haɗa su wuri guda. Inda ya zube a ƙasa a barbaɗa yashi, a kwashe, a wanke wurin.