Ka zaɓi launi, allon kwamfuta ya ƙi canjawa: kurakuran da aka fi yi

Mutum zai shiga Settings, ya buɗe Personalization, ya danna Colors, ya zaɓi kore ko shuɗi, sai ya dawo ya tarar da sandar ƙasan allo tana nan fara fat, kamar bai taɓa komai ba. Nan take sai a ce kwamfutar ta samu matsala. Galibi lafiyarta ƙalau, wani saiti ne can gefe ya danne wanda aka taɓa.

Wanda ya fi kama mutane a Windows 10 da Windows 11 shi ne zaɓin yanayin haske (Light) ko na duhu (Dark). Muddin Windows tana kan Light, maɓallin da ke sa launi a kan Start da sandar ƙasa zai dushe, ko sau nawa ka danna ba zai motsa ba. Sai ka mayar da ita Dark. In kuma ba ka son manhajojinka su yi duhu, zaɓi Custom, ka sa Windows a Dark, manhajoji a Light. Da yawa ba su san ana iya raba su biyu haka ba, sai su haƙura da launin baki ɗaya.

Wani kuma kukansa daban ne: launin yana canjawa shi kaɗai, da safe ja, da yamma ruwan ƙasa. Ba aljanu ba ne. An bar kwamfutar tana tsamo launi daga hoton bango, hoton kuma yana sauyawa lokaci-lokaci. Mayar da zaɓin launi hannunka, ka tsayar da guda ɗaya.

Sai batun sheƙin nan mai kama da gilashi. Idan yana kunne, launin da ka zaɓa yana gauraya da abin da ke bayansa, shi ya sa jan da ka gani wajen zaɓi ba shi ne ke fitowa a sandar ba. Kashe Transparency effects ka ga ainihin launin. A laftof kuwa, da zarar ta shiga yanayin tattalin batir, sheƙin yakan ɗauke da kansa, ya dawo in an jona caja. Masu Windows 7 sun san irin wannan sheƙin da sunan Aero: in jigon, wato tsarin kamannin Windows (theme), ya koma Basic, ko direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa na'urar nuna hoto, bai hau daidai ba, gilashin ba ya fitowa.

Akwai kuskuren yatsa ma. Alt na hagu da Shift na hagu da Print Screen, in aka danna su tare aka amsa tambayar da ta fito ba tare da an karanta ba, allo zai koma baƙi ƙirin da rubutu mai kashe ido. Sake danna su ukun, komai zai dawo. Haka maɓallin Windows da Ctrl da C, in an ba su izini, suna iya wanke launuka duka su bar toka-toka. In kuwa fari ne ya koma ruwan ɗorawa da dare, duba Night light, saitin da ke rage shuɗin hasken allo da dare, kafin ka zargi allo.

Idan shafin launukan a kulle yake gaba ɗaya, duba ko an tabbatar da lasisin Windows ɗin, domin ba ta barin a yi kwalliya sai an yi hakan. A kwamfutar ofis kuma, wataƙila mai kula da na'urori ne ya rufe da gangan.

Abin da ni dai ba na so shi ne garajen sauko da manhajojin da ke sauya fayilolin jigo na cikin Windows. Suna aiki yau, gobe sabuntawa ta zo, allo ya tashi baƙi babu ko sanda. In dole sai ka gwada, fara ajiye wurin komawa a System Restore tukuna, wato tsarin da ke mayar da Windows yadda take a baya in an samu matsala.